Fatalwa a jirgin ƙasa: tana gyara labarin bincike ko ɓata shi take yi?

Alƙalamin_Dare: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kuka na kawo. Wata bakwai ke nan ina kan wani littafi, na kai babi na goma sha ɗaya na cije. Labarin a yammacin Amurka yake, zamanin kaboyi, cikin hunturun 1872. Jirgin ƙasa na kamfanin Union Pacific ya taso daga Omaha ya nufi yamma, dusar ƙanƙara ta tare shi a dajin Wyoming bayan ya wuce Laramie. Da asuba aka tsinci gawar wani ɗan kwangilar shimfiɗa layin dogo a taragon masu kuɗi, a ɗakinsa da ya kulle ta ciki. Ba jini, ba rauni, sai dai rigarsa sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya. A taragon kaya kuma akwai akwatuna ɗauke da ƙasusuwan leburori Sinawa da za a kai San Francisco a ɗora a jirgin ruwa zuwa gida. Tun daren farko fasinjoji ke jin ƙarar guduma tana dukan ƙarfe daga can. Ƙawata da ta karanta ta ce in dai akwai fatalwa a ciki to bincike ya mutu, don duk abin da ya gagara sai a ce fatalwa ce. Ni kuma in na cire ta ji nake kamar na hana miya gishiri. Ana iya haɗa su, ko dole na zaɓi ɗaya?

Sadiq_Mai_Nazari: Wa alaikis salam. Ƙawarki ba ita ta fara faɗa ba. Tun 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji goma na rubuta labarin bincike, ta biyunsu ita ce a nisanci duk abin da ya shafi gaibu. Dalilinsa mai sauƙi ne. Irin wannan labari wasa ƙwaƙwalwa ne tsakanin marubuci da mai karatu. Kin baza mini alamu, ina tsinta, ina lissafi, sai a shafi na ƙarshe ki ce ai wanda ya yi kisan ta bango ya shigo. Wannan ha'inci ne. Na ɓata darena a banza.

Ummu_Hanan: To ni dai ba don lissafi nake karatu ba, Malam Sadiq. Wallahi daga jin ƙarar gudumar nan tsigar jikina ta tashi. Anti kada ki cire komai, ki ci gaba kawai, muna jira.

Sadiq_Mai_Nazari: Ummu Hanan, ai littafin ban tsoro daban, na bincike daban. Ita ce ta ce bincike take so.

Baba_Ɗan_Reluwe: Ɗiyata, ni ba marubuci ba ne, jikata ce ta saka ni a zauren nan. Amma shekara ashirin da takwas na yi a aikin jirgi, kuma maganar guduma ce ta sa na tanka. A zamaninmu duk sa'ad da jirgi ya tsaya a babbar tasha akwai mutum mai doguwar guduma da yake bin ƙafafun taragu ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Ƙafar da take lafiya tana amsawa tsaf kamar ƙararrawa, wadda ta tsage sai ta yi wani irin dum maras daɗi. Da kunne ake aikin. Na sha ganin fasinja ya farka tsakar dare a Minna yana salati don ya ji wannan ƙara a ƙarƙashinsa bai ga kowa ba, alhali mutumin yana duƙe a gindin taragon da 'yar fitilarsa. Ban da haka, ƙarfe da kansa yana magana. In ya sha zafi da rana ya huce da dare za ki ji yana ƙas, ƙas. To a inda sanyi ke daskarar da ruwa ai sai abin da ya ƙaru. Ina nufin gudumarki tana iya zama ta mutum, tana iya zama ta wanda ba mutum ba, kuma ba sai kin yi saurin faɗa ba.

Alƙalamin_Dare: Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Wannan ko a littafi ban ci karo da shi ba. Na rubuta na ajiye.

Bakatsine_a_Nebraska: Ina karatu a nan, awa guda tsakanina da Omaha a mota, don haka bari in ɗan yi gyara. Shekarar da kika zaɓa ta yi daidai, a hunturun 1871 zuwa 1872 ƙanƙara ta toshe layin a Wyoming har jirage suka yi makonni a hanya. Amma ɗakin da aka kulle ta ciki zai ba ki wahala. Taragon barci na kamfanin Pullman ba ɗakuna ba ne a jere. Kujeru ne da rana, da dare a shimfiɗa su su zama gado, a sauko da wani gadon daga sama, a ja labule. Labule ne kaɗai tsakanin mutum da hanyar wucewa. Wasu taragun suna da ɗan keɓaɓɓen ɗaki a ƙarshe, in kina son ƙofa to can za ki kai ɗan kwangilarki. Abu na biyu, a 1872 ba a rufe mahaɗar taragu ba, sai 1887 Pullman ya fito da rufaffiyar mahaɗa. Kafin nan duk mai son tsallakawa daga tarago zuwa tarago sai ya fita fili, ya taka dandamalin da iska ke kaɗawa. Ki yi tunani: duk wanda ya je taragon kaya a daren nan dole ya dawo da ƙanƙara a takalminsa da kafaɗarsa.

Hajjo_Maraɗi: Ni tambayata daban ce. Me ya kai ki Amurka? Duk jiragen da ke gida ba su ishe ki ba? Tun 1911 jirgi ya shiga Kano, an yi dalar gyaɗa, an yi Turawan mulki, ga aljanun kuka da na tsamiya a kowace tasha. Kin tsallake wannan duka kin tafi neman fatalwar Sinawa.

Ɗan_Fagge77: Hajiya Hajjo, mu da muka tashi da finafinan kaboyi a sinima ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Har yau in yaro ya cika rashin ji ana ce masa kaboyi. Baturen da bai taɓa ganin Sahara ba ya rubuta littafi a kanta ba wanda ya ce masa don me. Ku bar yarinya ta je inda alƙalaminta ya kai ta.

Hajjo_Maraɗi: Ai shi ya sa littattafan nasu suke cike da shirme a kanmu. Abin da nake jiye mata ke nan.

Malam_Na'ibi: Bismillah. Ba zan ce komai a kan salo ba, ba fagena ba ne. Amma tunda da Hausa za a rubuta, masu karatu galibi Musulmi ne, kalmar fatalwa tana buƙatar kula. A aƙidarmu wanda ya rasu yana barzahu, ba ya dawowa ya ɗauki guduma. Abin da mutane ke gani su ce wane ne ya dawo, malamai suna fassara shi da aljani mai rikiɗa. Ba na cewa haramun ne a ƙaga labari. Ina cewa ki bambanta abin da mutanen cikin labarin suka yi imani da shi da abin da ke da kanki kika tabbatar a matsayin mai ba da labari.

Zee_Marubuciya: Malam ya ba ki mafita bai sani ba. Mutanen wancan zamani sun yi imani da magana da matattu sosai. Abin ya fara tashe a 1848 da wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya, 'yan gidan Fox a jihar New York, da suka ce ana ƙwanƙwasa musu amsa daga lahira. Da yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ya lashe dubban ɗaruruwan samari, sai kasuwar ta buɗe, kowace uwa tana son jin muryar ɗanta. Matar shugaba Lincoln ma tana zuwa irin wannan zama. Wani mai hoto, William Mumler, har kotu aka kai shi a 1869 saboda sayar da hotunan da ya ce kurwar mamata ce ta fito a ciki. A 1888 ɗaya daga cikin 'yan matan nan ta fito fili ta ce da gaɓɓan yatsun ƙafa suke yin ƙarar. To ki saka irin wannan mata a jirgin, mai kiran matattu a biya ta. Mayaudariya ce, ta san ƙarya take yi, shekara da shekaru tana ci da ita. Sai a wannan dare ta ji ƙwanƙwasar da ba ita ta yi ba. Duk jirgin babu wanda zai kai ta tsorata.

Ummu_Hanan: Innalillahi! Anti Zee ke ma ki rubuta naki mana.

Sadiq_Mai_Nazari: Na yarda wannan dabara ce mai kyau, amma ba ta amsa tambayar ba. A ƙarshe wa ya kashe mutumin? In mutum ne, fatalwar ado ce. In fatalwa ce, binciken ado ne.

Kwamared_Jos: Kai Sadiq, tunda ka kawo Knox, faɗa musu ƙa'idarsa ta biyar mana. Cewa ya yi kada a saka Basine a labarin. A lokacinsa marubuta sun mayar da Basine dodo, in an rasa mugu sai a jawo shi. Abin da ya fi damuna da shirin 'yar uwarmu ke nan. Mutanen nan su ne mafi yawan leburorin kamfanin Central Pacific, wanda ya shimfiɗo layin daga yamma, dubbai, galibinsu daga lardin Guangdong. Su suka huda duwatsun Sierra Nevada da guduma da albarushi, ana biyansu ƙasa da farar fata, har suka yi yajin aiki a Yunin 1867 aka datse musu abinci suka koma. Ranar 10 ga Mayun 1869 da aka haɗa layin gabas da na yamma a Promontory da ke Utah, shahararren hoton da aka ɗauka ka duba ka gaji ba za ka tantance fuskarsu ba. A 1882 aka yi dokar hana su shiga ƙasar, a 1885 aka kashe aƙalla 28 a Rock Springs, a Wyoming ɗin nan da take magana. In za ki taso da ƙasusuwansu don kawai su ba farar fata tsoro a tarago, kin maimaita abin da aka yi musu. Ki ba su suna. Ki saka rayayye ɗaya da yake rakiyar akwatunan, mai bakin magana.

Alƙalamin_Dare: Kwamared, maganarka ta taɓa ni. Gaskiya akwai mai rakiya, amma na lura yanzu ko sau ɗaya bai yi magana ba a babi goma sha ɗaya. Kunya ta kama ni.

Bakatsine_a_Nebraska: Ƙari a kan ta Kwamared. Al'adar mayar da ƙasusuwa gaskiya ce, ƙungiyoyinsu na San Francisco ne ke ɗaukar nauyi, domin a wurinsu wanda aka binne a baƙuwar ƙasa ba mai kula da kabarinsa bai huta ba. Amma ga matsala. Inda suka fi mutuwa yamma ne, a Sierra Nevada, musamman hunturun 1866 zuwa 1867 da ƙanƙara ta riƙa zaftarowa tana binne sansani, wasu sai da bazara ta narke aka ga gawarsu. Jirginki kuwa daga gabas ya taso, bai ma kai Ogden ba, inda fasinja ke sauka ya canza zuwa jirgin Central Pacific. In ɗan kwangilarki alhakin waɗancan ne a kansa, me ya kawo ƙasusuwansu Wyoming? Ko ki matsar da labarin yamma, ko ki nemo dalili.

Ɗan_Fagge77: Ku kuma kun cika bin diddigi. Wane mai karatu a Kurna ne zai ɗauko taswira?

Zee_Marubuciya: Yaya, ko mutum ɗaya ne ya ɗauko ya ishe ta kunya a Facebook.

Nas_Bilkisu: Ni gawar ce ta tsaya mini. Ba jini ba rauni, hanyoyi suna da yawa. Taragun lokacin da murhu ake ɗumama su. Ƙaramin ɗaki, an toshe ko'ina saboda sanyi, garwashi yana ci, mutum zai kwanta bai tashi ba. Duk hunturu muna karɓar irinsu a asibiti, iyali guda sun kwana da gawayi a ɗaki. Ko kuma ruwan ofiyom da ake sayarwa a kanti a lokacin kamar maganin tari, in aka zuba da yawa a giya numfashi ne zai yi ta raguwa har ya tsaya. Mai bincikenki ya ɗaga fatar idon, in ya ga ƙwayar ta tsuke kamar kan allura to ya sami bakin zare. Kuma don Allah kada ki sa a ɗauki zanen yatsa. Sai a 1892 aka fara kama mai kisa da shi, a Ajantina.

Alƙalamin_Dare: Anti Nas, kin cece ni, saura ƙiris in saka zanen yatsa a babi na tara. Mai binciken nawa jami'in kamfanin Pinkerton ne, masu binciken sirri na haya, daga Shikago.

Baba_Ɗan_Reluwe: Ɗiyata, in kin ji shawarata, baƙo ba ya sanin jirgi. Ma'aikaci ne ya san wa ya tashi da dare, wa ya yi amai, wa ya ba da cin hanci a canza masa wuri.

Kwamared_Jos: Baba ya gama magana. Pinkerton ai 'yan amshin shatan kamfanoni ne. Wanda ya dace shi ne hadimin taragon. Pullman baƙaƙen fata yake ɗauka, da yawansu bayi ne da aka 'yanta bayan yaƙi. Fasinjoji ba sa ma tambayar sunansu, kowa George ake kiransa, sunan mai kamfanin. Ba ya barcin kirki, yana zaune a ƙarshen tarago, kuma cikin aikinsa akwai tattara takalman fasinjoji da dare ya goge. Ku haɗa da abin da Bakatsine ya faɗa. Takalma ashirin a gabansa, duk a bushe, sai ƙafa biyu da suka jiƙe. Ya san mai su. Amma baƙin mutum ne a 1872, in ya nuna farar fata da yatsa shi za a fara rataye wa laifin. Ga labari nan, sanin gaskiya daban, iya faɗinta daban.

Hajjo_Maraɗi: To yanzu kam na fara sha'awar abin.

Abu_Kukawa: Don Hajiya Hajjo ta ƙara sakin rai: akwai ɗan Borno da ya rayu a Amurka a daidai wannan lokaci. Muhammad Ali ben Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa. An kama shi yana yaro aka ƙetara Sahara da shi, ya bi ta Istanbul da Rasha, ya shiga rundunar baƙaƙe ta 55 ta Massachusetts a 1863, ya buga tarihin rayuwarsa a 1873. Ban ce ki saka shi ba, shi malamin makaranta ya zama. Amma in kika ƙagi hadimi mai irin wannan asali, wanda ya taso yana jin labarin aljanu, ba wanda zai ce kin yi ƙarya. Kuma shi zai kalli gudumar da idon da Malam Na'ibi yake so.

Zee_Marubuciya: A yi hattara dai. Basine, ɗan Borno, mai kiran matattu, ɗan Pinkerton, kada jirgin ya koma taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Tukunya in ta cika kayan ƙamshi ba a jin ɗanɗanon nama.

Sadiq_Mai_Nazari: Bari in dawo da mu kan tambaya, don an yi nisa. Na ɗan sauko daga inda nake. Zan karɓi fatalwa da sharaɗi ɗaya: a faɗa mini iyakarta tun farko kuma kada a karya. Misali, tana iya ƙara, ba ta iya taɓa mai rai. Ko ba ta iya barin taragon da ƙasusuwanta suke. In na san haka kafin a ga gawa, to ta zama ɗaya daga cikin alamun da zan yi lissafi da su. Har ma mai kisan zai iya fakewa da ita, ya jiƙa rigar don a ce aikin matattu ne. Abin da ba zan yafe ba shi ne ta zo a babin ƙarshe ta raɗa wa mai bincike sunan mai laifi.

Ummu_Hanan: Ni kuma in aka ce ba ta iya taɓa kowa to me zan ji tsoro? Dodon da aka ɗaure ai tunkiya ne.

Bakatsine_a_Nebraska: Ga wata kyauta kafin in tafi aji. A 1872 babu lokaci ɗaya a Amurka, kowane gari da ranarsa yake saita agogo. Sai 18 ga Nuwamban 1883 kamfanonin jirgi suka tsayar da shiyyoyin lokaci. Tsakanin Omaha da Ogden akwai tazarar awa guda da 'yan mintuna, tsakanin Omaha da Sacramento ta haura awa ɗaya da rabi. Fasinjan da ya fito daga New York bai taɓa agogon aljihunsa ba, da wanda ya hau a Cheyenne, in ka tambaye su ƙarfe nawa suka ji guduma kowa zai faɗi nasa, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Mai kisa mai wayo a nan zai ɓuya.

Alƙalamin_Dare: Jama'a, ban yi barci ba jiya. Ga abin da na sake. Hadimin ne mai bincike, ɗan Pinkerton ya koma cikin waɗanda ake zargi. Mai rakiyar akwatunan ƙanin ɗaya daga cikin mamatan ne, kuma shi zai ba da labarin babi uku da bakinsa. Mutum ne ya yi kisan, na tsayar da wannan. Hadimin zai warware komai, takalma, agogo, ruwan ofiyom, har ya gano cewa mai gyaran birki ne yake buga guduma a dare biyun farko don an biya shi. Sai dai a dare na uku mai birkin yana ɗaure a gabansu, kowa yana wurin an ƙirga, gudumar ta buga sau bakwai. Akwatunan bakwai ne. A nan nake son rufe littafin, ba bayani.

Sadiq_Mai_Nazari: In dai bugun na uku bai taimaka wajen kama kowa ba, na sa hannu.

Malam_Na'ibi: Hadimin ya yi a'uziyya a wurin, ya bar kowa da fassararsa. Hakan ya yi mini.

Ummu_Hanan: A'a wallahi ban yarda ba. Mutumin da ya bar su ƙanƙara ta binne, a ce wani ne can ya kashe shi saboda kuɗi? Ina hakkin mamatan? Ko sau ɗaya ne a bar su su rama.

Kwamared_Jos: Ya danganta da wanda ya zuba maganin da dalilinsa. In ƙanin ne, na fasa karantawa, kin koma gidan jiya. Wa ya kashe shi?

Alƙalamin_Dare: Kwamared, so kake in faɗa a zaure mai mutum ɗari huɗu? Sai littafi ya fito. Amma har yanzu ban warware ta Bakatsine ba, ban san abin da ya kawo akwatunan gabas ba, kuma ba na son barin Wyoming.

Baba_Ɗan_Reluwe: Ɗiyata, kaya suna ɓata a jirgi. Na taɓa ganin buhunan da aka rubuta musu Gusau sun yi wata biyu a Kafanchan saboda wani ya manna takarda a taragon da ba shi ba. Ki tambayi kanki ko kuskure ne, ko kuwa akwai wanda ba ya son akwatunan nan su isa San Francisco a buɗe su a ƙirga.

Bakatsine_a_Nebraska: Baba, to ai sai an sauke su a Ogden an sake lodi, hannu biyu ke nan, takarda biyu. Wa ya sa hannu a ta biyun?